Gindin faranti ake fara dubawa a shagunan gwanjo na Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwana na Sakkwato, musamman Goggo da ke Runjin Sambo, wadda ta aiko cewa ta gaji da kallon tituna da dusar ƙanƙara a bidiyon da nake turo muku, tangaran take son gani. Yau Asabar, ina tsaye a Hanley cikin garin Stoke-on-Trent na Ingila, garin da ya yi suna da tangaran kamar yadda namu ya yi suna da jar fatar akuya. A Burslem, nan kusa, Josiah Wedgwood ya kafa masana'antarsa ta tangaran a 1759, kuma har yau tsofaffin garin nan ba su kai loma a gidan abinci sai sun kifa ƙaramin faranti sun ga inda aka yi shi. Da farko na ɗauka rashin kunya ne, sai ga shi ni ma ɗabi'ar ta kama ni.

Shagon da na shigo na ƙungiyar agaji ne. Mutane ke kawo kayan da suka daina amfani da su, sau da yawa bayan tsohuwa ta rasu 'ya'yanta sun kwashe gida, a sayar da arha, kuɗin ya tafi aikin taimako. Ga kantar tangaran a ƙurya, an jibga su ba jere ba tsari, abin da Inna ba za ta taɓa yarda a yi wa kabad ɗinta ba.

Bari in ɗauki wannan fari mai zanen shuɗi in kifa shi ku gani. A gindinsa akwai hatimin masana'anta, a ƙarƙashin hatimin kuma kalma ɗaya tak, England. Wannan kalmar shaida ce, domin a 1890 Amurka ta yi dokar haraji da ta wajabta rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigo mata da su, don haka masana'antun nan suka fara buga sunan ƙasarsu daga 1891. Idan aka ga Made in England a cike, galibi na ƙarni na 20 ne. Wanda ya fi waɗannan tsufa shi ne mai alamar rajista mai kusurwa huɗu kamar daiman ɗin karta, da haruffa da lambobi a kusurwoyinta, wadda aka yi amfani da ita daga 1842 zuwa 1883, kafin a koma rubuta lambar rajista zalla daga 1884. Shekara uku ina yawon nan, sau ɗaya na riƙe mai wannan alamar a hannuna. Duk wanda kuma aka rubuta masa cewa yana jure injin wanke-wanke, to ɗan zamani ne, komai tsufan da fuskarsa ta nuna.

Fuskar faranti kuwa ita ta fi yaudarar mutane. Kamfanin Spode ya fito da zanen Blue Italian a 1816 kuma har yanzu ana yin sa, haka Royal Albert ya fito da Old Country Roses, mai jajayen furanni da bakin zinariya, a 1962, aka yi ta buga shi ba adadi. Shekarar zane daban, shekarar faranti daban, mai sayarwa kuma ba lallai ya san bambancin ba.

Yanzu zan kunna fitilar wayata in ɗora a bayan wannan kofin. Kun ga inuwar yatsuna ta bayyana ta cikinsa? Wannan shi ne tangaran mai ƙashi, wanda kusan rabin haɗinsa tokar ƙashin shanu ce, shi ya sa yake da sirantaka da ƙarfi da haske a lokaci ɗaya. Wancan mai kauri, na yumɓu na yau da kullum, ko rana aka haska masa ba ta ratsa shi.

Gwajin da na fi yarda da shi dai ba a Ingila na koya ba. Ina yarinya, Inna ba ta biyan kuɗin randa ko tulu a Tsohuwar Kasuwa sai ta ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa ta kasa kunne. Haka nake ɗora faranti a kan yatsu uku in buga gefensa da farce. Ku saurara. Mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, mai ɓoyayyen tsagu kuwa muryarsa a dishe take. Ranar da na yi gaggawa ban yi haka ba, na sayi butar shayi a wani shago, na zuba mata ruwan zafi a gaban baƙi, sai ga shayi yana tsiyaya ta ƙarƙashin mariƙinta.

Goggo, ga wani abu da nake so ki riƙe. Wannan da kike gani ƙyallinsa ya yi tsatsage kamar saƙar gizo-gizo, na jere ne kawai, kada a zuba masa abinci. Maiƙo da datti suna shiga tsagun su zauna, kuma wasu tsofaffin ƙyalli da fenti suna ɗauke da dalma, wadda abu mai tsami irin tsamiya ko lemun tsami yake iya jawowa cikin abinci.

Na ɗauki mai zanen shuɗin da kofin, duka fam huɗu, kuma matar da ke kan kanta ta naɗe mini su da tsohuwar jarida. Idan Allah Ya kai mu hutun Sallah, a cikin atamfa zan sake naɗe su in riƙe a jakar hannu, domin ba zan ba masu jifa da akwatuna amanarsu ba. Goggo, ki fara matsar da langunan nan na saman kabad, a samar musu wuri.