An Ɗaga Motar, Amma Taya Na Gogar Bodi: Ga Inda Matsalar Take

[Hoto: a-kori-kura tana juyawa a hankali, ana jin ƙarar gurzawa]

Ku saurari wannan ƙarar da kyau. Motar nan an ɗaga gabanta da inci 2, an sa mata manyan tayoyi, idan tana tsaye gwanin sha'awa. Amma da zarar direba ya murza sitiyari, sai taya ta kama cin roba. Tambayar da ta fi yawa a 'yan kwanakin nan ke nan, jama'a: na ɗaga motata, me ya sa taya ke gogawa? Sai wani ya ce ƙara inci ɗaya. A ƙara, ƙarar na nan daram.

Dalili kuwa, ba a sama take gogawa ba. A gaba da baya take gogawa, lokacin shan kwana. Can za mu daɗe yau. Sauran kuwa da gudu za mu wuce.

[Hoto: spesa a hannu, sannan a saman shokozoba]

Wannan ita ce lebilin kit. Masana'anta kan bar bayan a-kori-kura ya ɗan fi gaba tsawo, domin idan an loda kaya ta daidaita. Wannan spesar ana ɗora ta a saman shokozoban gaba, ta ɗaga gaban da inci 1.5 zuwa 2.5. Kada kaurinta ya ruɗe ku. Shokozoba a tsakiyar hannun ƙasa yake zaune, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafar mota da shasi ta ƙasa, ba a bakin taya ba, don haka motar kan tashi fiye da kaurin spesar. Ku karanta abin da aka rubuta a kwalin, kada ku auna ƙarfen da ido.

Lif kit kuma iri biyu ne. Akwai mai ɗaga bodi kaɗai daga kan shasi, inci 1 zuwa 3. Akwai babba, mai inci 4 zuwa 6, wanda ke sauko da ƙafafun motar gaba ɗaya da sababbin ƙarafa.

Lambar taya. 265/65R17. Faɗi milimita 265, tsawon gefe kashi 65 cikin ɗari na faɗin, rim inci 17. Idan aka haɗa lissafi, tsayinta milimita 776. Wadda mutane ke so, 285/70R17, milimita 831. Bambancin milimita 55 ne, amma rabin wannan kaɗai ke ɗaga ku daga ƙasa, wato kusan 27. Ɗaya rabin yana sama, yana cin filin da ke cikin ramin taya. Kuma ba sama kaɗai ba: taya da'ira ce, ta ƙaru da 27 ta gaba, ta ƙaru da 27 ta baya.

Yanzu ku matso kusa.

[Hoto: kyamara cikin ramin tayar gaba ta hagu, sitiyari na juyawa a hankali]

Ku dubi kafaɗar tayar, wato gefen nan na waje inda haƙoranta suka ƙare. Ana murza sitiyari zuwa hagu. Kun ga bayan tayar hagu yana shiga ciki, kafaɗar kuma tana miƙewa baya, tana neman wannan ƙarfen. Wannan shi ne mazaunin bodi, inda aka ɗaura ɗakin direba a kan shasi. Walda aka yi masa a jikin shasi. Ku ɗaga mota yadda kuke so da spesa, ba zai matsa baya ko da milimita ɗaya ba. Masu Hilux da Tacoma sun san wannan ƙarfen sarai. A daidai wannan lokacin, tayar dama tana yin nata aikin ta gaba, kafaɗarta na neman gindin bamba da robar cikin ramin.

Abin da ke yanke hukunci a nan shi ne ofset na rim.

[Hoto: rim a kwance, an ɗora katako a kansa, ana awo]

Ku ɗauka an raba faɗin rim gida biyu daidai. Ofset shi ne tazarar da ke tsakanin wannan layin na tsakiya da fuskar da ke manne wa hob, inda notuna ke kamawa. Ana auna shi da milimita, kuma galibi a bayan rim za ku gan shi an buga, da haruffan ET a gabansa. Idan lambar mai alamar tarawa ce, kamar +30, rim ya shige cikin mota. Idan sifili ce, fuskar tana tsakiya. Idan mai alamar debewa ce, kamar -12, rim ya fito waje. Lamba na raguwa, taya na fitowa.

To me ya haɗa fitowar taya da gogawa? Ku dubi ƙofar nan. Kusa da hinji, motsinta kaɗan ne. Can bakin ƙofa kuwa, fili babba take sharewa kafin ta buɗe. Taya ma a kan hinji take juyawa: layin da ya ratsa boljoyin na sama da na ƙasa, wato gaɓoɓin da ƙafar ke juyawa a kansu. Duk milimitar da kuka tura rim waje, kun nisanta kafaɗar taya daga hinjin, kun faɗaɗa filin da za ta share. Shi ya sa za ku ga motoci biyu iri ɗaya, ɗagawa ɗaya, taya ɗaya, guda tana juyawa shiru, guda tana kuka. Rim ne ya bambanta.

Bari mu sa lambobi, don a gani ƙarara. A ce rim ɗin asali +30 ne, da taya mai faɗin 265. Rabin faɗin 132.5. Gefen ciki yana shiga milimita 162.5 daga fuskar hob, gefen waje yana fita 102.5. Ku riƙe waɗannan biyun.

An sa taya 285 a kan wannan rim ɗin. Gefen ciki ya koma 172.5. Wato ya matsa milimita 10 kusa da hannun sama, ƙarfen da ke riƙe ƙafar ta sama. Ku kalli nan, tsakanin gefen taya da ƙarfen hannun, da ƙyar ɗan yatsa ke shiga. A wasu motocin ma taɓawa yake yi, kuma wannan ita ce gogawa mafi haɗari, domin gefen taya shi ne wuri mafi laushi a jikinta.

Sai mai mota ya ce to bari in gudu daga ciki, ya sayi rim mai -12, wanda ke fito da taya ta yi ƙirji. Ciki ya samu fili, 130.5. Amma waje ya koma 154.5. Kafaɗar ta fita milimita 52 fiye da asali. An gudu daga tsalle an faɗa rami. Ga mazaunin bodi can yana jira.

Alhali abin da ake buƙata ɗan kaɗan ne. An ƙara faɗin taya da 20, to a rage ofset da 10. Rim mai +20 zai mayar da gefen ciki daidai inda yake tun farko, 162.5, waje kuma ya fita da milimita 20 kacal. Idan ana son ɗan ƙarin numfashi ta ciki, +15. A ra'ayina nan ne wurin tsayawa ga motar da ake aiki da ita kullum. Na san taya mai fitowa waje tana da kyau a hoto, ba na musu. Amma kuɗin wannan kyan boris ɗin ƙafa da boljoyin ne ke biya, ga laka da tsakuwa da za ta riƙa watsa wa ƙofofi.

Abu biyu kafin mu bar nan. Wasu masu yin rim ba sa rubuta ofset, sai tazarar baya da inci. A rim mai faɗin inci 9, tazarar baya ta inci 5 kusan sifili ke nan, inci 4.5 kuma kusan -12. Na biyu, spesar da ake sawa tsakanin hob da rim, aikinta ɗaya da rage ofset. Rim +30 da spesa mai milimita 30 ya zama sifili. Lissafin bai canza ba.

[Hoto: ana shafa alli a kafaɗar taya]

Ga gwajin da zai hana ku asara. Kafin a sa tayoyi huɗu, a sa ɗaya a gaba. A shafa alli a kafaɗarta, ciki da waje. Wani ya murza sitiyari a hankali, ku kuna kallo. Na ce a hankali, domin sau da yawa ba a ƙarshen sitiyari taya ta fi kusantar ƙarfe ba, a tsakiyar hanya ne, ta taɓa ta wuce. Wanda ya murza da sauri zuwa ƙarshe ya leƙa zai ga fili, ya ce lafiya lau.

Sannan ba a gwada mota a kan jak ƙafafu na lilo. A sauke ta, a hau da tayar nan kan tudu ko katako mai kauri har sifirin ya matse, a sake murzawa. A motocin da robar da ke tsayar da ƙafa idan ta matse sama take jikin shasi, spesa ba ta taɓa ta ba. Ma'ana, idan kuka faɗa rami, ƙafar za ta iya komawa sama kusan inda take kaiwa tun kafin a ɗaga, amma yanzu da taya mafi girma. A gwada gaba, a gwada ribas da sitiyari a murɗe, a taka birki. Bushin roba ne, yana bayarwa, taya kan matsa 'yan milimitoci, kuma a ribas ake fara jin yawancin ƙarar. Duk inda alli ya bar shaida, nan ne wurin. A nemi fili aƙalla kaurin babban yatsa ko'ina.

Idan an samu inda take taɓawa, a fara da mai sauƙi. Robar tare laka, a kwance ta. Robar cikin rami, a ɗumama ta da bindigar zafi a tura ta baya, ko a ɗan yanke. Sai kasta, wato karkatar layin hinjin nan na taya zuwa baya: wurin alaimen, idan aka ƙara kasta ta notunan hannun ƙasa, taya kan matsa gaba kaɗan, ta nisanci mazaunin bodi. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Yanke mazaunin bodi shi ne na ƙarshe, kuma dole a rufe wurin da farantin ƙarfe a yi walda mai kyau, a shafa fenti don tsatsa. Amma sandunan ƙarfen da ke gaba da bayan taya a Ford F-150 masu bodin alminiyam, don Allah a bar su. An sa su ne don kada taya ta kutsa wurin ƙafafun mutum idan aka yi karo.

[Hotuna da sauri: shaf, fitila, maleji, safaya]

Sauran a gurguje. Ɗagawa ta wuce inci 2.5 da spesa, shaf ɗin gaba, mai kai ƙarfin inji ga taya, ya karkace da yawa, robarsa ta fara yagewa, boljoyin na sama ya ƙure, sai an sauya hannun sama. Notunan hannun ƙasa ba a ƙarasa ɗaure su sai mota na tsaye da nauyinta, in ba haka ba bushin zai murɗe ya mutu da wuri. Alaimen wajibi ne, a ranar. Fitilun gaba a sauke su, don yanzu cikin idon mutane suke haskawa. Tiyon birki da wayar ABS a tabbatar ba su ɗame ba idan ƙafa ta sauka ƙasa.

Maleji zai yi ƙarya da kusan kashi 7 cikin ɗari: yana nuna 100, kuna kan 107. Tashin mota zai yi nauyi, shan mai ya ƙaru, birki ya ƙara tazara. Mai jan kaya da giyar aksul ɗinsa lamba 3.73 ce, giya mai lamba 4.10 ce za ta dawo masa da ƙarfin, kuma a mota mai jan ƙafa huɗu gaba da baya ake sauyawa tare. Rim ya dace da ramukan notuna, 6x139.7 a Hilux da Ranger, wato ramuka shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7, amma ramin tsakiya ya bambanta, milimita 106.1 a Hilux, 93.1 a Ranger, rim ɗin Ranger ba zai hau hob ɗin Hilux ba.

Safaya ma ta zama girman sauran, kuma a gwada ta a mazauninta ƙarƙashin bodi kafin a biya kuɗi, a ga ko tana taɓa salansa. Bayan kilomita 100 na farko, a sake bin notunan taya ɗaya bayan ɗaya, a leƙa ramin da tocila a duba ko wani wuri ya yi sheƙi.