Darasi: Kifin adona yana mutuwa, cuta ce ko ruwa ne?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Wata baiwar Allah daga Unguwar Rimi ta turo mini hoton akwatin kifinta na gilashi, ta ce uku sun mutu cikin sati ɗaya, wane magani za ta saya? Hajiya, ki ajiye kuɗinki tukuna. Mu fara duba ruwan.

Ku dubi wannan kifin da na ware a roba. Kun ga yadda yake hawowa sama yana buɗe baki kamar mai haki? Ku lura da gefen kansa, wurin da yake numfashi, ya yi ja wur. Jikinsa kuma fes, babu ɗigo ko ɗaya. Idan duk kifayen suka yi haka a rana ɗaya, ruwa ne ya lalace. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita ce ke ƙone musu wurin numfashi. A cikin soson matacin ruwa akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke mayar da amoniya naitirait (nitrite), wanda shi ma guba ne, sannan naitireit (nitrate) mai sauƙin illa. Kayan gwajin ruwa su nuna muku sifili a amoniya da naitirait. Ba sifili ba ne? Ku kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan ku zuba sabo, ku rage abinci kwana biyu.

Ni ma na taɓa yin ɓarna. Na ga soson ya yi baƙi, na wanke shi tas da ruwan famfo, ashe sinadarin kulorin ya kashe ƙwayoyin nan masu amfani. Daren kuma aka ɗauke wuta, injin iska ya tsaya. Da asuba na tarar da biyar a kife, har yau abin yana damuna. Soso a cikin tsohon ruwan akwatin ake matse shi. Ruwan famfo kuwa a sa masa maganin cire kulorin kafin a zuba.

To yanzu ga wancan. Matso da kyamara. Kun ga fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, a jiki da wutsiya? Ga shi yana goga jikinsa da dutse don ƙaiƙayi. Wannan ita ce cutar farin ɗigo, kuma a nan Kaduna lokacin hunturu ta fi kama su, Disamba da Janairu, idan ruwa ya yi sanyi da dare kifi ya raunana. Kifayen ado irin su gofi da moli sun fi son ruwa tsakanin digiri 24 da 28, don haka hita, wato na'urar ɗumama ruwa, ba ado ba ce.

Abin da mutane ba su gane ba, muddin ƙwayar cutar tana manne cikin fatar kifi, magani ba ya taɓa ta. Sai ta faɗo ƙasa, ta fashe ta saki ɗaruruwan 'ya'ya suna iyo, a nan ne magani ke kama su. Shi ya sa wanda ya ga ɗigon ya ɓace ya daina magani, bayan kwanaki sai cutar ta dawo ta fi ta da. A ci gaba har kwanakin da aka rubuta a kwalba su cika, a cire gawayin da ke cikin mataci don yana tsotse maganin. Masu irin tarwada marasa ɓawo su yi hattara, jikin waɗannan kifayen ba ya ɗaukar magani mai ƙarfi.

Hajiya, kin ce makon jiya kika sayo sababbi biyu kika zuba kai tsaye. Gaba ki ware sabon kifi a wani akwatin na sati biyu zuwa huɗu. Yau dai ki gwada ruwan, ki haska jikinsu da tocila, ki turo mini abin da kika gani.