Daga Yaron Mota Zuwa Riƙe Sitiyari: Lacca Ga Masu Son Jan Tirela Da Tanka

An rubuto wannan ne daga muryar da aka naɗa a wani zama da yaran mota da sababbin direbobi. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Iyayenmu direbobi, shugabannin tasha, da ku samarin da ke can baya jingine da bango, ku matso, yawancin maganar taku ce.

Kafin a danƙa wa mutum makullin tirela, ƙofa uku yake bi. Ta farko hukuma. Lasin da ke ba ka damar jan mota mai kai da bodi shi ne ajin G, ba na ƙaramar mota da ke aljihun yawancinku ba. Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, ba ta ba da lasin motar haya ga wanda bai cika shekara 26 ba. Za a nemi shaidar makarantar tuƙi da hukumar ta amince da ita, da gwajin VIO, jami'an da ke gwada direbobi da duba lafiyar motoci, da takardar lafiya daga asibiti, sannan ka je da ƙafarka a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Lasin da wani ya kawo maka har gida ba a ɗauki yatsanka ba, kuɗinka kawai aka ci. Ranar da aka yi hatsari za ka gane.

Ta biyu ƙungiya, kuma a nan ake rikita sunaye. NARTO ta masu motoci ce, wato iyayen gidanku. Direban tankar mai yana ƙarƙashin PTD, reshen direbobin tanka na NUPENG, ƙungiyar ma'aikatan man fetur da iskar gas. Masu ɗaukar busassun kaya da yawa suna NURTW, ƙungiyar ma'aikatan sufurin hanya. Ka yi rajista a reshen da kake lodi, ka karɓi kati, duk kuɗin da ka biya ka nemi rasit. Amfaninta yana fitowa ne a layin lodi, da ranar da aka tsare ka a garin da ba ka san kowa ba, da ranar da kuka saɓa da mai mota. Amma katin ƙungiya bai taɓa koya wa kowa ribas ba.

Ta uku mai mota. Zai nemi wanda zai tsaya maka, zai gwada ka, yawanci da ribas a matsattsen wuri. Kafin ka karɓi makulli a rubuta abu huɗu a gaban wakilin ƙungiya: albashi, kuɗin hanya, litar gas ɗin da za a ba ka a kowace tafiya, da wanda zai biya in kaya ya yi giɓi. Ku riƙe maganar gas ɗin nan, zan dawo kanta.

To koyo fa? Yawancinmu a bayan maigida ake koyo, kuma ba laifi. Laifin shi ne yaro ya shekara uku yana wankin mota da dafa shinkafa a Tafa ko Maraban Jos, bai taɓa haɗa kai da bodi da hannunsa ba. Ga yadda ake yi. Ka sa weji a tayoyin bodi. Ka duba farantin da ke bayan kai, wanda bodi ke hawa ya kulle a kansa: akwai giris, bakinsa a buɗe? Tsayin bodi ya zama daidai yadda farantin zai ɗan ɗaga shi in ka shiga. In bodi ya yi sama, ƙusar ƙarfen da ke ƙarƙashinsa za ta hau kan bakin maimakon ta shiga ciki, ka ji ƙara ka ɗauka ya kama. Ka shigo a hankali a miƙe. Da ya kulle, ka sa giya ɗaya ka ɗan ja gaba, birkin bodi na kame. In ya riƙe ka, madalla. Duk da haka ka sauko da tocila ka leƙa: kada a ga haske tsakanin faranti da cikin bodi, kuma hannun makullin ya koma mazauninsa. Sannan tiyon iska biyu, mai jan launi wanda ke ciyar da tankin bodi, da ɗayan, rawaya a motocin Turai, shuɗi a na Amurka, wanda ke kai saƙon birki. Sai wayar fitilu. A ƙarshe a naɗe ƙafafun bodi har sama.

Yanzu iska, kuma a nan zan daɗe. Motar nan da iska take tsayawa. Da safe ka tayar da inji, kada ka motsa sai geji ya cika, kwamfaresa, injin da ke cika iskar, ya yi tsakin nan nasa. Motocin Turai irin su DAF da MAN da ma'aunin da ake kira "bar" suke auna iska, kuma tana kai 8 ko fiye. Na Amurka irin su Mack suna cika a wajen 120 zuwa 125 a ma'auninsu. Sai ka kashe inji, weji na ƙasa, ka saki birkin hannu, ka taka birki ka riƙe minti ɗaya cur kana kallon allura. A ma'aunin Mack, bayan faɗuwar farko, in ta sauka fiye da 4 a mintin nan, iska na zuba. Daga nan ka riƙa takawa kana saki: kafin ta sauka ƙasa da 60 dole ƙararrawa ko jar fitila ta tashi. In ba ta tashi ba, ta mutu ko wani ya cire wayarta don ta dame shi.

Kullum da yamma a ja zaren da ke ƙasan tankin iska. Ruwa zai fito. In ka ga baƙin mai na biyo shi, kwamfaresa ya fara gajiya. Abu mafi muni da ake yi a hanya shi ne tiyon wata taya ya fashe, bakanike ya lanƙwasa shi ya ɗaure da waya, ya ce a lallaɓa. An lallaɓa ɗin, amma an rage birki ɗaya, kuma lallaɓawar sai ta kai wata uku.

Ku lissafa abin da kuke ja. Fetur lita 45,000 ya kai tan 33, gas kuma kusan tan 38, ban da nauyin motar kanta. Iyakar gudun tirela da tanka kilomita 45 ne a awa a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. A gudun 60, kowace daƙiƙa kana cin kusan mita 17, kuma iska na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa kafin ta isa tayoyin baya. Don haka ka bar daƙiƙa shida tsakaninka da na gabanka. Ya wuce turken lantarki, ka ƙirga shida kafin ka iso. Ƙananan motoci za su yi ta kutsowa cikin tazarar. Ka ƙyale su, ka sake buɗe ta.

Gangara irin ta Hawan Kibo, tun daga sama ake gama shawara. Ka zaɓi giya kafin kan mota ya sunkuya, wadda za ka hau da ita ko ƙasa da ita, ka kunna birkin inji. In gudu ya ƙaru, ka taka sosai kamar daƙiƙa uku har ya ragu da kilomita takwas, ka saki gaba ɗaya. Wanda ya ɗora ƙafa ya bar ta yana gasa daram ne, wato gangar ƙarfen da birki ke kamawa; ƙarfe in ya yi zafi buɗewa yake, ya guje wa lainin da ke goga shi, ka taka har ƙasa ba komai. Wanda kuma yake ta takawa yana saki a kai a kai, iskarsa yake zubarwa.

Ga maganar gas. An ba direba lita ƙayyadadda, abin da ya rage nasa ne, sai ya sa mota a firi, wato ya cire ta daga giya, a gangara don ya tsira da jarka ɗaya. A firi inji ba ya riƙe mota, kwamfaresa na juyawa a hankali, iska na fita fiye da yadda take shiga, kuma in gudu ya yi yawa giya ba za ta koma ba. Shugabanni, wannan magana a teburin sasantawa da masu motoci ya kamata a kashe ta, ba a bar ta ga yaron da ke lissafin kuɗin cefane ba.

Taya: a gefenta akwai lamba huɗu, mako da shekara. 2321 na nufin mako na 23 na 2021. FRSC na ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adinta. Barci kuwa, kada ka wuce awa huɗu ba ka sauko ba. Tiramol da baƙin shayi ba sa biyan bashin barci, ɗage shi kawai suke zuwa inda ba ka zaɓa ba.

Wani daga baya ya tambaya: in tanka ta faɗi fa?

Fara da abin da ke kayar da ita. Ruwa motsi yake. Ɗakin tanki da bai cika ba ya fi cikakke haɗari, don mai na tafiya gefe guda a kwana, kuma in ka taka birki ya dawo ya tura ka gaba. Rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. In kuma ta faɗi, kashe inji, cire batir ta makunninsa in hannunka zai kai, ka kira lambar gaggawa 122 ko 112, ka sanar da reshen ƙungiya mafi kusa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin kwata da gangare ya je ya samu wuta nesa da motar. A Majiya ta Jigawa, a Oktoban 2024, tanka ta faɗi ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu, akasarinsu sun zo kwasar mai ne. Wata uku bayan nan aka sake a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Kai da yaronka ba za ku iya korar gari ba, don haka ka aika shi da gudu wajen mai unguwa ko limami, kai kuma ka tsaya ta inda iska ke fitowa kana tare motoci daga nesa. Kada a tayar da janareta, kada a kunna babur, kada a juye mai zuwa wata tankar sai 'yan kwana-kwana sun iso.