Lacca: Lambun haɗaka daga shuka zuwa shuka

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da haɗuwa. An ce in yi magana a kan lambun haɗaka, wato fili guda da aka yanka wa mutane da yawa, kowa da 'yan fangulansa, amma ƙofa ɗaya, wurin ɗiban ruwa ɗaya, juji ɗaya. Zan bi shekara ne daki-daki, sai dai ga abin da nake so ku riƙe tun yanzu: igiyar da aka ja aka raba fili, mutane kaɗai ta raba. Tsutsa ba ruwanta da ita, inuwa da ruwa da cuta ma haka.

Tsarin nan ya daɗe. A Ingila, dokar 1908 ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin samar wa mazauna irin waɗannan filaye idan suka nema, kuma kason da aka saba bai wa mutum ɗaya kusan murabba'in mita 250 ne. A Jamus, ƙungiyar da aka kafa a birnin Leipzig a 1864 ce ta zama tushen dubban ƙananan lambuna, har dokarsu ta 1983 ta ce kada lambu ya wuce murabba'in mita 400. A Kyuba kuwa yunwa ce ta koya musu: da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, taki da mai suka yanke, mutanen Habana suka mayar da kangwaye lambuna. Yanayin waɗannan wurare ya sha bamban, amma rigingimun masu lambu kusan iri ɗaya ne ko'ina.

Shekarar mai lambu tana farawa tun kafin a jefa iri. A ƙasashen sanyi ana jira ƙanƙarar ƙarshe ta wuce. A ƙasashen zafi ana kallon faɗuwar damina, ko shigowar sanyin rani ga masu ban ruwa. Kafin wannan lokaci ya kamata a zauna da takarda a zana lambun gaba ɗaya, a rubuta abin da kowa ya shuka bara da inda ya shuka shi. Dalili shi ne tumatir da tattasai da gauta da dankalin Turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Wanda ya cire tumatir ya dasa tattasai a gurbinsa yana ganin ya sauya shuka, alhali bai sauya komai ba. Dangi ɗaya ya kamata ya bar fangali shekara uku ko huɗu kafin ya dawo. A tsakani a sa albasa, a sa wake, a sa kabeji.

Ina roƙonku, duk lokacin da kuka tuge shuka, ku dubi saiwarta kafin ku jefar. In wake ne, za ku ga 'yan ƙulalai manne a gefen saiwa. Ka murza da yatsa su faɗi, ka fasa ɗaya ka ga cikinsa ja-ja. Wannan alheri ne, ƙwayoyin halitta ne da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska su ajiye wa ƙasa. Amma in ka tuge tumatir ko kuɓewa ka ga saiwar kanta ta kumbura ta yi gaɓa-gaɓa, ba ta murzuwa, to wata tsutsa ce da ido ba ya gani. Tana tafiya a jikin fartanya, a ƙasan takalmi, a cikin ruwan da ya gangaro daga fangali zuwa fangali. A lambun da mutum ashirin ke aron fartanya guda, kankare ƙasa daga bakinta kafin ka miƙa wa na gaba haƙƙi ne a kanka.

Sai taki. Jujin haɗaka yana yin kyau idan an cuɗa ɗanyen ganye da busasshe, an jiƙa, ana juyawa. Tarin da ya kama aiki zafin cikinsa yana kai digiri 55 zuwa 65, ka cusa hannu ka zare da sauri, kuma wannan zafin ne ke kashe irin ciyawa da yawancin cututtuka. Tarin da bai yi zafi ba, duk abin da aka zuba masa zai mayar wa kowa. Don haka ganye mai cuta ba ya shiga juji. Ɗanyen kashin dabbobi kuma a ba shi lokaci: ƙa'idar noman da ba sinadari a Amurka ta ce kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, irin su latas da karas, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa.

Lokacin shuka ba zan daɗe a kansa ba, kowa yana son sa. Abu biyu kawai. Kada ka juye duk irin latas ɗinka rana ɗaya. Shuka kaɗan-kaɗan duk bayan mako biyu ko uku, don kada ya nuna maka gaba ɗaya. Dashe kuma a yi shi da yamma, a bi shi da ruwa nan take.

Inda nake so in tsaya shi ne bishiya, domin ita ce shukar da ke fin yarjejeniya tsawon rai. Gwanda tana iya haihuwa cikin shekara guda, inuwarta kaɗan ce. Mangwaro mai aure yana fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, amma bayan shekara goma ya rufe fangulan mutum uku, saiwarsa na shan ruwan da suka ɗebo da guminsu. Tuffa a ƙasar sanyi haka take, sai in an ɗora ta a kan gindi mai hana tsawo. Ra'ayina, manyan itatuwa su tafi gefe guda na lambu su zama na kowa, a raba 'ya'yan. Wanda ya dage sai ya dasa a kasonsa, ya fara tambayar wanda inuwar za ta sauka a kansa.

Yanzu zafi. A nan ake gane lambun da zai ɗore. Ruwa ya ja baya, kowa yana ganin shukarsa ce ta fi jin ƙishi. Mutane da yawa suna yayyafa ruwa kullum sama-sama, saiwa ta saba da zama a sama, rana ɗaya aka yi fashi shuka ta langaɓe. Gara ka shayar sosai, ka bar kwana biyu ko uku gwargwadon ƙasarka. Cusa yatsa har gaɓa ta biyu. In da laima, ajiye bokitinka. Ka lulluɓe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, za ka ga bambanci cikin mako guda. Baƙin tabon nan da ke fitowa a ƙasan tumatir, mutane suna rugawa sayen magani, alhali yawanci ruwa ne da ake bayarwa yau da yawa, gobe babu, sai sinadarin kalsiyam ya kasa isa ga ɗan. Furen tumatir kuma yana kakkaɓewa in zafin rana ya haura digiri 32 dare ma bai yi sanyi ba. Ba laifin iri ba ne, ba kuma hannun maƙwabci ba.

Wata masaniya 'yar Amurka, Elinor Ostrom, ta sami kyautar Nobel a 2009 saboda binciken yadda jama'a ke tafiyar da dukiyar da suka yi tarayya a kanta, irin su ruwan noma da makiyaya da dazuzzuka. Ta gano cewa waɗanda suka daɗe ba su watse ba, su da kansu suke tsara dokarsu, suna sa ido a kan juna, kuma hukuncinsu hawa-hawa ne, daga jan kunne zuwa tara. Ku ɗauki wannan ku kai bakin famfo. Jadawalin ban ruwa a rubuta shi tun ruwa na wadace, a manna inda kowa zai gani. In aka bari sai an fara layi da bokitai, rai ya riga ya ɓaci.

Da laima ta yi yawa kuma, sai cututtukan ganye. Cutar da ta cinye dankalin Ayalan daga 1845, har kusan mutum miliyan ɗaya suka rasu, tana kama tumatir ma, iska ce ke ɗaukar ta, kuma cikin 'yan kwanaki take ƙone fangali. Tsutsar tumatir da ake kira Tuta absoluta daga Kudancin Amurka ta fito, ta ɓulla a Sifen a 2006, cikin shekara goma ta bazu Turai da Afirka da Asiya. Abin da ya ƙetare teku, iyakar fangali ce za ta tare shi? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya fara ganin farin zane a cikin ganye, alamar wannan tsutsa, ya faɗa a ranar, kada kunya ta sa ya ɓoye. Mai feshi kuma ya sanar tukuna, ya dubi inda iska ta dosa, ya guji lokacin da zuma ke kan fure. Latas ɗin maƙwabcinka wataƙila gobe za a cire shi a ci ɗanye.

Girbi ya zo, sai maganar ajiye iri. Tumatir da wake da latas galibi kansu suke yi wa barbara, irinsu yana fitowa yadda uwar take. Kabewa zuma ce ke haɗa ta da ta maƙwabci, masara kuma iska, saboda haka abin da ka ajiye ba lalle ya zama abin da ka shuka ba. Irin da aka rubuta F1 a jikin ledarsa, 'ya'yansa ba sa bin sa, sayo sabo.

Bayan girbi mutane sukan ɗauke ƙafa, ni kuwa a ganina nan ne aikin da ya fi muhimmanci. A tsayar da rana ɗaya kowa ya tuge ragowar tumatir da tattasai, a bar lambun makonni babu ko gindi ɗaya na wannan dangi, ƙwari su rasa wurin fakewa. Gindi biyar da mutum ɗaya ya bari don yana tsammanin sauran 'ya'ya sun isa su riƙe tsutsa har sabon dashe. Fangalin da ba a shuka ba, a watsa masa wake ko a lulluɓe shi, kada a bar ƙasa tsirara.

Malama a can baya tana tambaya: yaya za a yi da wanda ya karɓi kaso ya bar shi ya zama daji? Hajiya, a fara da zuwa gaishe shi. Sau da yawa ciwo ne ko wata hidima ta sha kansa, kuma mutum huɗu cikin awa ɗaya za su share fangalin kafin ciyawar ta zubar da iri. In ya ce ƙarfinsa ya gaza, a rage masa zuwa rabi, a bai wa wanda ke jira sauran. In kuma an rubuta masa sau biyu bai amsa ba, wa'adin da aka amince da shi tun farko ya cika, a karɓa, a bar shi ya kwashe abin da ya shuka tukuna. Akwai wata tambayar?