Hanyoyin Duwatsun Gombe da Ƙafar Ɗan Fansho

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, yayyena maza da mata, ƴan uwa ƴan fansho, barkanmu da yamma. An ce in yi magana a kan hawan dutse, ga shi tun ban buɗe baki ba na hango wasu suna shafa gwiwa. Ku kwantar da hankalinku, ba yau za mu hau ba.

Da yawanmu a nan baƙi ne a Gombe. Wani ya yi shekara 35 yana aiki a Kaduna ko Legas, ya ajiye, ya biyo ƴaƴa ko ya zo inda ya samu fili da sauƙi. Ni ma haka na zo. Abin da ke cin irinmu kuwa zama ne, daga gida sai masallaci, daga masallaci sai bencin ƙofar gida, garin kuma bai san da mu ba. To duwatsun jihar nan galibi ba su da hanyar da hukuma ta shata wa masu yawon buɗe ido. Turbar da za ka gani ta manomi ce, ta makiyayi, ta mace mai ɗebo itace. Saboda haka ba a hawansu sai ta hannun masu wurin, kuma a ganina nan ne ribar take ga baƙo. Kafin ka kai ƙoli ka riga ka gaida mai unguwa, ka sha ruwa a gidan wani, an haɗa ka da yaron da zai yi maka jagora, an san sunanka.

A fara da na kusa. Dutsen Liji na nan gabas da gari, a hanyar Dadin Kowa. Ya isa mutum ya gwada numfashinsa, ya dawo gida kafin rana ta yi zafi. Wanda Liji ya ba shi wahala kada ya yi gaggawar zuwa gaba.

Gaba kuwa shi ne Bima, kusa da Dadin Kowa, inda aka datse kogin Gongola, kamar kilomita 40 daga nan. Bima dutsen yashi ne, irin wanda ruwa ya jera hawa-hawa shekaru miliyoyi da suka wuce, shi ya sa idan ka murza shi da yatsa sai ka ji yana zubar da tsakuwa. Wannan ya shafi ƙafarka kai tsaye: falalen da ka gani kamar shimfiɗa yana iya kasancewa da ɓarɓashin yashi a kai, takalmi mai sulɓi ya tafi da kai. Ga kuma tarihi. Magabata sun daɗe suna danganta Bima da bayyanar Mahdi. A 1903, bayan Turawa sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka tare shi a Burmi, kusa da Bajoga ta yau, ya yi shahada a watan Yuli na shekarar. Wanda ya san wannan, idan ya tsaya a kan Bima ya dubi kwarin Gongola, ba daji kawai yake kallo ba.

Amma inda zuciyata take kudu ne, hanyar Yola, ka wuce Kumo, ka wuce Billiri, ka isa Kaltungo. Tun daga nesa za ka hango dutsen Kilang ya tsaya a miƙe. Shi tushen tsohon dutse mai aman wuta ne, ƙasar da ke kewaye da shi ta zaizaye ta bar shi. Shawarata ga mai shekarunmu, ya zaga gindinsa, ya ɗauki hoto, ya bar wa samari saman. Babu wanda zai ƙara maka kuɗin fansho don ka taɓa ƙoli.

Tula, tudun da ke gaba da Kaltungo, ita ce ta dace da mu, domin mota ce za ta yi maka hawan, kai sai tafiya a saman tudu, cikin iska mai sanyi. Can za ka ga aikin da ya fi ƙarfin a kira shi noma kawai. An jera duwatsu da hannu, layi bisa layi, an mayar da gangare matakala, kowane mataki da ƴar gonarsa, don ruwan sama kada ya kwashe ƙasa. Ka durƙusa ka duba, babu siminti ko laka, ƙaramin dutse ne aka cusa ya tokare babba. Mutanen Tula, wato na Wange da Baule da Yiri, sun zauna a kan tudun nan ne saboda doki ba ya hawansa, mahara suka sha komawa hannu rabbana. Akwai kogunan da aka riƙa ɓuya, akwai tsohon gidan yari na zamanin Turawa. Nan ne kuma ladabi ya zama dole. Wani wurin kushewa ce, wani wurin al'ada ne. Idan jagora ya ce ba a bi ta nan, kada ka tsaya yi masa wa'azi, kada kuma ka tsinci ko katangar tukunya ka sa aljihu.

Lokaci, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ciyawa ta bushe, ana ganin inda ake taka ƙafa, sai dai ranar da hazo ya yi yawa ba za ka hango komai ba. Maris da Afrilu zafi kan kai maki 40, a haƙura. A tashi bayan Asuba. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ga likitansa tukuna, ya sa dabino a aljihu, ruwa kuma ya fi abin da yake zaton zai sha. Ma'aunin gudu mai sauƙi ne: idan ba ka iya ba abokin tafiya amsa sai ka tsaya ka yi haki, ka rage. Saukowa kuma ta fi hawa cin gwiwa, a nan ne sanda ke biyan kuɗinta.

Hajiya tana tambaya daga baya, macizai fa? Gaskiyarki, Hajiya. Ƙasar Kaltungo ƙasar kububuwa ce, wadda ake wa kirari da gobe da nisa, ba banza aka kafa asibitin masu saran maciji a garin ba. Ƴar ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, dafinta kuma hana jini daskarewa yake yi, har dasashi ya riƙa zubar da jini. Ta fi sara lokacin shuka da girbi. A sa takalmi rufaffe da wando mai kauri, kada a cusa hannu a ƙarƙashin dutse. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure tamau, ba jiran mai magani. A kwantar da mutum, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti ko da ya ce ba ya jin komai. Shi ya sa ba a fita ƙasa da mutum uku: ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya sauka neman mai babur.