Canza bututun fistol: me ke sa aikin ya yi kyau, me ke fasa bindiga

Bututun fistol irin Glock yana fita cikin minti ɗaya, shi ya sa mutane ke zaton ƙara wa bindiga ƙarfi sauyin bututu ne kawai. Wani lokacin haka ne. Glock 22 mai harsashin .40 S&W tana karɓar bututun .357 SIG kai tsaye, domin gindin kwanson duka biyun ɗaya ne. In za a sauko da ita zuwa 9mm kuwa, sai bututu na musamman mai kaurin na .40 a waje, da magazin, wato gidan harsasai, na Glock 17. Ko da haka, ƙugiyar da ke fizgo kwanso takan kuskure jefi-jefi, tunda gindin 9mm ya fi ƙanƙanta.

Inda aikin yake shi ne hawa sama. Ku duba matsin hayaƙi: harsashin .45 ACP na tsayawa a psi 21,000 (psi ma'aunin matsi ne), 10mm na kai 37,500. Harsashin .460 Rowland, wanda ake harba shi daga fistol ƙirar 1911 ko Glock 21 da aka sauya, matsinsa ya kusa ninka na .45 ACP. An ƙara wa kwansonsa tsawo kaɗan da gangan don kada ya shige bututun .45 na asali. Shi kuwa .45 Super, duk da matsinsa ya fi yawa, girmansa daidai da .45 ACP ne, yana shiga lafiya lau, kuma haɗarinsa ke nan.

Idan matsi ya ƙaru, silaid, wato ƙarfen saman da ke ja da baya, yakan taho da gudun da ya wuce kima. Sai bindiga ta buɗe tun matsi bai sauka ba, silaid ya riƙa dukan jikinta har ya tsage, magazin kuma ya kasa turo harsashi kan lokaci. Sifirin ɗin da ke mayar da silaid a 1911 na asali ƙarfinsa fam 16 ne, na .460 yakan kai wajen fam 24. Amma sifirin kaɗai ba ya isa. Kwamfanseta da ake ɗaurawa a bakin bututu, mai karkatar da hayaƙi, shi ke jinkirta buɗewar, kuma ba a harba .460 ba tare da shi ba. A ƙara da sifirin ɗin magazin mai ƙarfi.

Sai ɗakin harsashi, wato gindin bututu inda harsashi ke zama kafin harbi. Gangaren da harsashi ke hawa yakan bar ƙasan kwanso babu tallafi. Ku ɗauki kwanson da kuka harba ku duba: in ya kumbura kusa da gindi, ku dakata, mataki na gaba fashewa ne. Bututun kamfanoni irin KKM da Bar-Sto sun fi rungume kwanso, kuma zanen cikinsu mai juya harsashi na gargajiya ne, yana jure harsashin dalma tsantsa, wanda Glock ke hana sawa a nata bututun saboda dalmar na taruwa ta ɗaga matsi. Sai dai matsattsen ɗaki ba ya yafe datti.

Bututun 1911 mai kyau ba a saka shi haka nan, maƙerin bindiga ne ke goge shi ya zauna, ya auna da ma'aunin tazarar ɗaki. Kafin harbi, ku cire bututun, ku jefa harsashi ciki: ya faɗa da kansa, ya fito da kansa in kun kifa. Sauyin yakan soke garantin kamfani, kuma a ƙasashe da yawa bututu kansa sai da lasisi.