Mun ci su, amma su suka wuce: yadda ake lissafin NRR a wasan kurket

[Hoto: teburin gasa a fuskar waya, an zagaye layi na uku da jan alƙalami]

Wannan teburin ne ya hana 'yan kurket na unguwanninmu a nan Abuja sakat tun ranar Lahadi. An tura shi a WhatsApp, an sake turawa, wasu har da rubutu a ƙasa wai an yi maguɗi. Layi na ukun nan da aka zagaye, kulob ɗinmu ne. Ƙungiya biyar suka shiga gasar, kowacce ta kara da sauran huɗun, biyun da suka zo sama su ne za su buga wasan ƙarshe. Da aka gama, ƙungiya uku ke da maki shida-shida, mu aka bari a baya. Abin da ya fi yi wa jama'a ciwo kuma, ƙungiyar da ta haye a matsayi na biyu mun doke ta da hannunmu.

Jama'a, babu wanda ya cuce mu. Ku dubi ƙarshen teburin ta dama, inda aka rubuta haruffa uku, NRR, wato net run rate a Turance, lambar da ke raba gardama in maki sun zo ɗaya. Can maganar take, kuma wuri ɗaya ne tak a cikin lissafin ke ruɗar mutane.

[Hoto: 'yan wasa suna shimfiɗa tabarmar wasa a tsakiyar fili, hazo ya rufe duwatsu]

Ga wanda bai taɓa kallon kurket ba, ga shi a gurguje. Kowace ƙungiya mutum 11. Ɗaya tana jifa, ɗaya tana bugu, sannan a yi musanya. Jifa shida masu kyau su ne oba ɗaya, kuma a irin gasarmu kowace ƙungiya oba 20 take da shi, ƙwallo 120 ke nan. Mai bugu ya doki ƙwallo, shi da abokinsa su yi musayar wuri, gudu ɗaya ke nan. Ƙwallo ta gangara ta taɓa igiyar gefen fili, huɗu. Ta tsallake igiyar ta sama, shida. In an fitar da mutum goma, wato masu jifa sun kayar da masu bugu goma ɗaya bayan ɗaya sun bar fili, bugun ƙungiyar ya ƙare, ko da kuwa akwai sauran oba, domin mutum ɗaya ba ya bugu shi kaɗai. Ku riƙe wannan ta ƙarshen da kyau.

NRR kuwa ragi ne kawai. Gudun da kuke samu a kowane oba, a cire gudun da ake samu a kanku a kowane oba. Abin da ya rage shi ake rubutawa. In kuna ci da sauri kuna hana abokan karawa, lambarku ta yi sama.

[Hoto: gajerun yankuna daga wasannin kakar]

Mu ba ƙwararru ba ne masu albashi. A cikinmu akwai ma'aikacin gwamnati, akwai mai gyaran waya, akwai malamin makaranta, da ɗalibai. Waɗanda ke Kubwa da Nyanya tun bayan asuba suke kama hanya. Karo-karo muke yi mu sayi ƙwallo, hular kwano kuwa wanda ya fito shi ke cire ta ya miƙa wa mai shiga. Babban filin kurket na garin nan yana cikin harabar filin wasa na ƙasa na Moshood Abiola, amma yawancin wasanninmu a filin wata makaranta muke yin su. Na ɗan daidaita alƙaluman da za ku gani don lissafi ya zo da sauƙi.

Wasan farko, mu muka fara bugu, muka tara 140, suka tsaya a 120. Wasa na biyu ya yi daɗi, mun kwashe su duka a kan 80, muka cimma su cikin oba 10, kafin azahar kowa yana gida. Wasa na huɗu shi ne wanda kowa ke tunawa: sun tara 130, muka wuce su saura ƙwallo uku a tashi. Kun ga yadda mai gyaran wayarmu ya yar da sanda ya ruga? Bai ma tsaya gaisawa da alƙalin wasa ba, sai da aka kira shi ya dawo.

Na tsallake wasa na uku da gangan. Ga shi nan.

[Hoto: allon maki. Su: 150 a oba 20. Mu: 90, an fitar da kowa a oba 12]

Sun fara bugu, suka tara 150 a oba 20. In ka raba, 7.5 ke nan a kowane oba. Muka shiga, suka sako mana wani dogon bahago wanda ƙwallonsa ke shigowa ta wajen ƙafa. Kafin mu farga mutum huɗu sun koma ƙarƙashin bishiya. Daga nan sai kowa ya shiga kai duka da ƙarfi. Muka tara 90, aka fitar da na goma daidai ƙarshen oba na 12.

To, ga yadda masu cewa an yi maguɗi suka yi nasu lissafin. Suka ɗauki 90, suka raba da 12, tun da oba 12 muka buga. Ya ba su 7.5. Abokan karawa 7.5, mu ma 7.5, a cire, sifili. Wato a wajensu wannan wasan bai rage mana komai ba.

Ku ɗan dakata ku dubi wannan sakamakon. An doke mu da tazarar gudu 60, an sallame mu tun rana ba ta yi zafi ba, amma lissafi ya ce kunnen doki muka yi? Da haka dokar take, da kowace ƙungiya sai ta shigo ta yi ta kai duka ido rufe, a fitar da ita cikin oba biyar, ta tafi gida da lamba mai kyau. Shi ya sa doka ta ce: ƙungiyar da aka fitar da mutanenta goma, ana lissafa mata cikakken oba ɗin da aka ba ta, ko ta buga shi ko ba ta buga ba. An ba ku 20, da 20 za a raba.

[Hoto: an soke 12, an rubuta 20]

Saboda haka 90 a raba da 20, ya zama 4.5. A cire 7.5, mun tashi da bashin 3 cif a wannan wasan kaɗai. Kamar ka biya kuɗin mota ne daga Zuba zuwa Kaduna, ka ga dama ka sauka a Tafa. Direba ba zai ba ka canji ba, kujerar taka ce har Kaduna, kai ne ka bar ta.

Wani ɗan uwa ya rubuto yana cewa, to me ya sa a wasa na biyu aka lissafa mana oba 10 kawai, ba a ce 20 ba? Tambaya ce mai kyau ƙwarai. A can mu ne muka cimma abin da aka sa mana, wasa ya ƙare saboda mun yi nasara, ba don an kore mu ba. Wanda ya bi ya kamo, oba ɗin da ya buga kaɗai ake ƙirga masa. Kuma ku duba ɗaya ɓangaren na wannan wasan: abokan karawarmu oba 16 suka buga muka kwashe su, amma 80 ɗinsu da 20 aka raba. Dokar da ta cije mu a wasa na uku, ita ce ta yi mana rana a wasa na biyu. Ban ji wanda ya yi ƙorafi a ranar ba.

[Hoto: littafin maki a hannun mai rubutu]

Yanzu mu haɗa kakar gaba ɗaya. Ba a ɗaukar lambar kowane wasa a nemi matsakaici, a'a, tara komai ake yi a wuri guda. Gudunmu: 140, 81, 90, 131, jimla 442. Oba ɗinmu: 20, 10, 20, sai na wasan ƙarshe da allo ya nuna 19.3. A nan ma a kula, ukun nan ƙwallo uku ce cikin shida, rabin oba ke nan, don haka a na'urar lissafi 19.5 za ka danna. Jimla 69.5. Raba 442 da 69.5, ka samu 6.36. Abin da aka ci a kanmu 480 ne a oba 80, wato 6 daidai. A cire, saura 0.36. Ƙungiyar da ta haye tana da 0.60.

Mai sa 12 a maimakon 20 kuwa, 1.19 zai gani. Wannan lambar ce ke yawo a wayoyi, kuma in da gaskiya ce da mun wuce da rata mai yawa. Bambancin duka daga oba takwas ɗin nan ya fito.

Baiwar Allahn da ke riƙe mana littafin maki, wadda duk muke kira Anti, tun a filin ta faɗa. Tana zaune a kan benci da fensir biyu da abin gogewa, kowace ƙwallo sai ta ɗiga mata alama, ko ɗigo ko lamba. Da aka fitar da na takwas ta ɗaga murya ta ce wa yaron da ke ɗaura kariyar ƙafa, "Ƙanina, kada ka yi gaggawa, ka tsaya ka tsinci ɗai-ɗai." Hayaniya ta yi yawa, maganar ba ta kai tsakiyar fili ba.

[Hoto: yaron yana tafiya zuwa wiket, wato wurin bugu a tsakiyar fili, kariyar ƙafar ta kusa kai masa cinya]

A nan akwai wani ruɗanin da ya kamata a warware. Wasu sun ɗauka da mun daure mun kai oba na 20, ko ba mu ƙara komai ba, lambarmu za ta gyaru. Ba haka ba ne. Da 90 a oba 12 an fitar da kowa, da 90 a oba 20 da sauran mutane, duk da 20 za a raba, sakamako ɗaya ne. Amfanin tsayawa shi ne gudun da za ka tsinta kana tsaye. Oba takwas ƙwallo 48 ne. Da mun ƙara gudu 20 kacal a cikinsu, ko da an doke mu ɗin, jimlarmu ta zama 462, lambarmu ta koma 0.65. Da mu ne a wasan ƙarshe. Gudu 20 a ƙwallo 48, bai ma kai gudu ɗaya a kowace ƙwallo biyu ba. Wannan abin yana ci mini rai, domin yaranmu masu shiga bugu a ƙarshe sun iya tare ƙwallo, a atisaye muna gani.

Kada kuma ku ɗauka ƙananan kulob irin namu kaɗai abin ke samu. A gasar cin kofin duniya ta 2019 a Ingila, Pakistan da Niyu Zilan sun gama zagayen farko da maki 11 kowacce, da nasara biyar-biyar. Pakistan ta doke Niyu Zilan da suka haɗu. Duk da haka Niyu Zilan ce ta wuce zagayen kusa da na ƙarshe, har ta kai wasan ƙarshe. Me ya jawo? A wasan Pakistan na farko, Wes Indis, ƙungiyar ƙasashen yankin Karibiyan, ta kwashe ta a kan 105 cikin oba 21.4, a wasan da ake ba kowa oba 50. Da 50 aka raba 105 ɗin nan. Wes Indis kuma ta cimma su cikin oba 13.4. Pakistan ta ci wasanninta huɗu na ƙarshe a jere, amma ramin da ta faɗa ranar farko bai cike ba.

[Hoto: gajimare a kan fili, ana janye tabarma da gudu]

Mu da rani muke wasa, amma masu buga gasa da damina, musamman 'yan uwanmu na Jos, ga naku. Wasan da ruwa ya ɓata aka tashi babu sakamako, ba ya shiga lissafin nan sam. In kuwa tun farko an rage wasan, abin da aka rage zuwa gare shi shi ne cikakken rabonku. Kun tuna a Janairun 2025 a Malesiya, lokacin da 'yan matanmu na Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan da gudu biyu a gasar cin kofin duniya? Oba 13 aka ba kowane ɓangare ranar, namu suka tara 65, su kuma suka tsaya a 63. A irin wannan wasan, da an kwashe ƙungiya tun oba na tara, da 13 za a raba mata.

Ra'ayina kuwa, ina fahimtar masu cewa kamata ya yi a fara duba wanda ya ci wani. Akwai gasannin da haka suke yi, kuma ba laifi ba ne. Sai dai a namu ba zai raba gardama ba: ta ɗaya ta ci mu, mun ci ta biyu, ta biyu ta ci ta ɗaya. Zagaye ne, babu inda za ka kama. NRR na da nasa aibin, domin ba ya duba mutum nawa aka fitar maka kafin ka yi nasara, kuma mummunar rana ɗaya tana iya bin ka har ƙarshen kaka. Amma a rubuce yake cikin takardar dokokin gasa tun kafin a jefa ƙwallon farko, kyaftin ɗin kowace ƙungiya ya sa hannu.

Don haka roƙona ga kyaftin-kyaftin, ku karanta wa 'yan wasanku wannan sakin layin tun ranar atisayen farko, musamman masu shiga na tara, na goma da na sha ɗaya. Ku ba su lokacin bugu a atisaye kamar yadda kuke ba na sama. Ku ajiye mutum ɗaya kusa da mai rubuta maki, wanda zai riƙa kai saƙo fili lokacin shan ruwa. Wasan ƙarshe ranar Asabar ne da safe, mu ma za mu je, mun yi alkawarin taimakawa da shimfiɗa tabarma da ɗaura igiya. Duk wanda lissafin teburin gasarsu ya ɗaure masa kai, ya turo mana alƙaluman, mu zauna mu raba tare.